Abincin Yini Guda: Ƙaunar Allah Yadda Kiristocin Dutse Ke Karanta Ta

Duk ta inda mutum ya ɓullo wa Dutse, ba sai an gaya masa inda garin ya samo sunansa ba. Duwatsu ne jibge, wani bisa wani, tsohuwar unguwar Garu da fadar sarki a tsakiyarsu, dabino kuma a kwari. A ƙarni na 19, lokacin da Ningawa ke kai hare-hare gabashin ƙasar Kano, gari mai dutse shi ne gari mai barci. Saboda haka Kiristan da ya buɗe Zabura a nan, ya tarar ana ta kiran Allah dutse da mafaka, ba ya neman mai yi masa fashin baƙi. Ya taɓa ganin makiyayi da awakinsa sun lafe a inuwar dutse da rana tsaka a watan Afrilu.

Kiristocin Dutse tsiraru ne, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo bayan an yanke Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, akwai malamai da ɗaliban jami'ar tarayya da aka buɗe a 2011, akwai kuma Hausawa 'yan ƙasa, mafi yawansu jikokin Maguzawa, waɗanda ke kiran kansu Masihiyawa. Angilikan sun kafa dayosis ɗin Dutse a 1996, Katolika na ƙarƙashin dayosis ɗin Kano, ECWA kuwa ta gaji aikin mishan na SIM. Da yawansu da Hausa suke sujada. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, bayan doguwar wahalar Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, aka kuma sake fassara shi a ƙarshen shekarun 1970. A cikinsa sunan Mahalicci Allah ne, Ubangiji ne, kamar yadda kowane Bahaushe ke faɗi.

In ka tambayi ɗayansu abin da littafin ya ƙunsa a taƙaice, zai ce maka ƙaunar Allah. Amsar tana da daɗin faɗi. Abin tambaya shi ne wace irin ƙauna, domin littafin da ake magana a kai cike yake da yunwa, bauta, gudun hijira da jana'iza, kuma mafi yawan waɗanda abin ya shafa masu bi ne.

Hausa ta taimaki masu fassara a nan, don ta raba so da ƙauna. So yana zuwa yana tafiya, kamar na saurayi da budurwa ko na mai cin tsire. Ƙauna ta fi nauyi, ita ce ta uwa da ɗan da ya gagare ta. Ibrananci, harshen da aka rubuta mafi yawan Tsohon Alkawari da shi, yana da kalmar hesed, wadda ta haɗa ƙauna da riƙon amana, irin ƙaunar wanda ya ɗauki alkawari ya ƙi sauke shi ko da ɗaya ɓangaren ya warware nasa. A Zabura ta 136 an maimaita ta sau 26, sau ɗaya a kowace aya, kamar amshin waƙar daka. Akwai kuma wata kalmar da kunnen Bahaushe ya san 'yar'uwarta: rahamim, jinƙai, wadda tushenta shi ne mahaifa. Tushe ɗaya ne da rahama ta Larabci. Wato tun a cikin kalmar an ce jinƙan Allah irin na cikin da ya ɗauki mutum ne, shi ya sa annabi Ishaya, a sura ta 49, ya kwatanta Allah da mai shayarwa, har ya ce ko mace ta iya manta jaririnta, shi ba zai manta ba.

Labarin ya fara nuna halin Allah tun a littafin Farawa. Adamu da Hauwa'u sun saɓa, an kore su, amma kafin su fita Allah da kansa ya yi musu sutura ta fata. Kayinu ya kashe ƙanensa, an hukunta shi, amma an sa masa alama don kada wani ya kashe shi. Hukunci yana nan, ba a janye shi ba, sai dai hannun da ya yi korar shi ya ba da rigar tafiya.

Ni dai labarin da ya fi tsaya mini a wannan littafi na Hajara ne. Baiwa ce Bamasariya, ba ta cikin waɗanda aka yi wa babban alkawari, kishi ya sa aka fitar da ita daga gidan Ibrahim da ɗanta Isma'ila da salkar ruwa guda. Ruwan ya ƙare a jeji. Ta ajiye yaron a ƙarƙashin wani ɗan itace, ta koma nesa ta zauna don kada ta ga mutuwarsa. Duk macen da ta taɓa riƙe yaro mai zazzaɓi da dare, asibiti kuma da nisa, ta san wannan zaman. Littafin ya ce Allah ya ji kukan yaron, ya buɗe idon uwar, sai ta ga rijiya. A kula da abin da bai faru ba. Ba a mayar da ita gidan Ibrahim ba, ba a kuma ce Saratu, uwargidan Ibrahim, ta zo ta ba ta haƙuri ba. Ruwa aka ba ta, da alkawarin cewa yaron zai zama al'umma. Tun kafin wannan, a sura ta 16, ita ce ta raɗa wa Allah suna mai nufin wanda yake ganinta. Baiwa, baƙuwa, korarriya.

Daga nan salon kulawar ya yi ta maimaituwa. Bani Isra'ila sun yi shekara 40 a jeji suna cin manna, kuma dokar ita ce kowa ya ɗebi awon yini guda. Wanda ya yi wayo ya ɓoye na gobe, da safe ya tarar da tsutsa, in ban da ranar shida da ake ɗibar na kwana biyu saboda Asabar. Gwauruwar Zarefat da ta ciyar da annabi Iliya a lokacin fari ba a cika mata rumbu ba, ɗan garin da ke cikin tukunyarta ne ya ƙi ƙarewa, yau kaɗan, gobe kaɗan. Addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, wadda ake yi a coci-cocin Jigawa ranar Lahadi, abincin yini ta roƙa. Manomin da gerona ya ƙare a watan Yuli, sabo bai nuna ba, shi ya fi kowa gane wannan lissafi. Hausawa na cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kuma karin maganar ma ba ta ce zai ba shi na shekara a dunƙule ba.

Kada a ɗauka littafin ya hana tanadi. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar shekara bakwai, da shi aka ci shekara bakwai na yunwa. Amma shi ma sai da ya bi ta rijiya, kasuwar bayi da kurkuku kafin ya kai ga rumbunan Fir'auna.

Akwai wani abu da masu wa'azi kan yi saurin wucewa, alhali nan ne ƙashin bayan zancen. Mafi yawan lokaci, kulawar Allah a wannan littafi ta hannun mutum take isowa, har ma an mayar da ita doka. Attaura ta hana mai gona girbe gonarsa har gefe, ta hana shi komawa ya ɗauki damin da ya manta, ta ce wannan rabon maraya ne da gwauruwa da baƙo. Mu nan sunan abin kala. Wanda ya tashi a ƙauyukan Kiyawa ko Jahun ya ga mata da yara suna bin gona bayan an cire gyaɗa, kuma mai gonar kirki ba ya korarsu. Littafin Rut gaba ɗayansa a kan wannan ya tsaya. Na'omi ta bar Baitalami saboda yunwa, ta dawo ba miji ba 'ya'ya, sai surukarta Rut, mutuniyar Mowab, wadda ta ƙi rabuwa da ita. Rut ta tafi kala a gonar Bo'aza, shi kuma ya ce wa masu girbi su riƙa zubar da zangarniya da gangan. A surori huɗun littafin babu teku da ta tsage, babu wuta daga sama. Akwai suruka mai amana da mai gona mai kunya, waɗanda suka yi aure, kuma daga zuriyarsu Dawuda ya fito.

Sabon Alkawari ya ɗora a kan haka. A Ayyukan Manzanni sura ta 6, rikicin farko da ya tashi a ikilisiyar Urushalima kan rabon abincin gwauraye ne, aka zaɓi mutum bakwai su tsaya a kai. Da yunwa ta faɗa wa Yahudiya a zamanin Sarki Kalaudiyas, masu bi na Antakiya suka yi karo-karo suka aika. Wasiƙar Yakubu ta yi wa wanda zai sallami mayunwaci da addu'a kawai ba'a a fili. In ka ga 'yan zumuntar mata sun ɗaura zanensu iri ɗaya sun nufi gidan rasuwa da kwanon hatsi da ɗan kuɗin da suka tara, wannan karatun suke aikatawa, ko sun iya kawo sura da aya ko ba su iya ba.

Tarihin mishan a ƙasar nan ma ta wannan ƙofa ya shigo. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan shiga masarautun Musulmi. Sai a shekarun 1930 aka sassauta, kuma babbar hanyar ita ce jinyar kuturta: SIM ta karɓi aikin a wurare irin su Yadakunya kusa da Kano, ta zauna a Roni, ta kuma buɗe asibitin ido na Kano a 1943. Ba a ɓoye yake ba cewa suna da burin samun mabiya, sarakuna ma sun sani, shi ya sa suka sa ido. Amma hujjar da masu jinyar ke bayarwa daga Linjilar Markus take, inda kuturu ya roƙi Yesu, shi kuwa ya miƙa hannu ya taɓa shi kafin ya warke. A al'ummar da ake ware wa kuturu ƙwaryarsa, taɓawar kanta magana ce.

To, in mai bi ne ya juya baya fa? A nan annabi Yusha'u ya zo da misali mai ɗaci. An umarce shi ya auri mace marar riƙon aure, Gomer, ta haifa masa 'ya'ya, ta bi wasu, sannan aka ce ya je ya dawo da ita, har ya biya azurfa 15 da sha'ir. Aurensa shi ne wa'azinsa: haka Isra'ila take ga Allah. A al'adarmu mace ta yi yaji, miji ya yi biko, kuma yawanci wanda ya yi laifin shi ke aika dattawa. A littafin Yusha'u wanda aka ci amanarsa shi ne mai bikon. Da za a kawo wannan ƙarar zauren mai unguwa, da an ce wa mijin ya yi zuciya. Littafin ya san haka, yana kuma so mai karatu ya ji nauyin abin.

Misalin ya kai ƙarshensa a Luka sura ta 15, inda Yesu ya jero labarai uku: tunkiya ɗaya cikin 100, tsabar kuɗi ɗaya cikin 10, ɗa ɗaya cikin biyu. Na ukun ne ya fi shahara, kuma ina ganin Bahaushe ya fi Bature jin zafinsa. Yaro ya dubi mahaifinsa da ransa ya ce a ba shi gadonsa. Wannan a wurinmu daidai yake da ce wa uba ka daɗe ba ka mutu ba. Ya tafi ya cinye, ya ƙare a kiwon aladu, yunwa ta koro shi gida da jawabin neman aikin barantaka. Uban ya hango shi daga nesa, ya sheƙa da gudu. A yi tunanin dattijo mai gemu ya tattare babbar riga yana gudu a gaban mutanen gari don ya tari ɗan da ya kunyata shi. Kafin yaron ya gama jawabinsa an kawo riga, zobe da takalmi, an yanka maraƙin da ake kiwatawa. Wansa, da ya dawo daga gona, ya ƙi shiga, yana cewa shekara da shekaru yana bauta ko ɗan akuya ba a taɓa yanka masa ba. Gaskiya ƙorafinsa ba na banza ba ne, kuma uban ya fita ya lallashe shi kamar yadda ya fita ya tari ƙanen. Labarin ya tsaya a ƙofar gida, ba a ce ya shiga ba.

Daga nan ne hanyar Kirista da ta maƙwabcinsa Musulmi ke rabuwa, kuma ba amfanin a ɓoye. Musulmi ya san Allah Mai rahama, Mai jinƙai, ya san Al-Wadud cikin kyawawan sunaye, ya san Annabi Isa da Maryamu. Amma ba ya kiran Allah Uba, bai yarda Allah yana da ɗa ba, bai kuma yarda an gicciye Isa ba. Kirista kuwa a kan waɗannan ukun ya kafa zancen ƙaunar baki ɗaya. A wurinsa, hujjar ƙarshe ita ce Allah ya shigo cikin wahalar mutum da kansa, ya ji yunwa, ya yi kuka a kabarin abokinsa Li'azaru, ya mutu saboda mutanen da ba su ko tuba ba tukuna, kamar yadda manzo Bulus ya bayyana wa Romawa. Dattawan ɓangarorin biyu a Jigawa sun san wannan bambanci sarai, kuma bai hana su zuwa wa juna suna da ta'aziyya ba.

Kalmar da Yesu ya kira Allah da ita da harshen Aramiya ita ce Abba, wadda yaran Hausawa ke kiran iyayensu maza da ita har gobe. Wurin da Markus ya nuna ya faɗe ta shi ne lambun Getsamani, daren da za a kama shi, yana roƙon a ɗauke masa abin da ke tafe. Ba a ɗauke ba.

Wannan ya kai mu ga tambayar da ba ta da daɗi. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da gidaje a ƙananan hukumomi da dama na Jigawa, ba ta tambayi kowa addininsa ba. Tankar man da ta fashe a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, a watan Oktoban 2024, ta kashe mutum fiye da 150. Su kansu Kiristocin Dutse suna tuna watan Satumbar 2006, lokacin da tarzoma kan zargin ɓatanci ta kai ga ƙona coci-coci, har da babban cocin Angilikan na Bitrus Mai Tsarki. Ina kulawar take a irin waɗannan ranaku?

Abin da ya ba ni mamaki shi ne littafin bai hana yin tambayar ba, shi ma yana yin ta. Ayuba ya rasa 'ya'ya 10 a yini ɗaya, abokansa uku suka zo da ilminsu suna cewa ai sai da laifi ake shan wuya, a ƙarshe Allah ya tsawata wa abokan. Littafin Makoki kukan Urushalima ne bayan Babila ta rushe ta, kuma zancen jinƙan da ke sabuntuwa kowace safiya a tsakiyar wannan kukan yake. Zabura ta 88 ta fara da ƙara ta ƙare da duhu, aka kuma bar ta cikin littafin sujada. Zabura ta 23 da yara ke haddacewa, ta makiyayi, ba ta ce garken ba zai bi ta kwari mai duhu ba, cewa ta yi makiyayin yana tare da shi da sandarsa. Wanda ya ga Bafulatani na ratsa daji da shanu zuwa kasuwar Maigatari ya san aikin sandar nan. Bulus, wanda ya rubuta cewa babu abin da zai raba mai bi da ƙaunar Allah, shi ne ya lissafa wa Korantiyawa cewa an yi masa bulala 39 har sau biyar, an jefe shi sau ɗaya, jirgi ya fashe da shi sau uku. Ya roƙi a cire masa wata ƙaya a jiki sau uku, aka ce masa alherin da aka ba shi ya isa.

Saboda haka nake ganin wa'azin nan da ya yaɗu a Najeriya, na ka shuka kuɗi a coci ka girbi mota, ya yi wa littafin karatun rabi. Gaskiya ne akwai alkawuran albarka a ciki, Ayuba ma an mayar masa da dukiya ninki biyu. Amma wanda ya mai da ƙaunar Allah ciniki ya koma layin abokan Ayuba, domin in arziki shaidar ƙauna ne, to gwauruwar da ruwa ya ci gonarta me za a ce mata? Ezekiyel ya keɓe sura ta 34 ga makiyayan da ke cin naman garke suna sa ulunsa ba sa ɗaure wadda ta karye, kuma maganarsa a kansu ba ta da laushi. Sai dai a yi adalci: limaman ƙauye da masu bishara da ke noma da hannunsu don su ci sun fi masu manyan allunan talla yawa, ba a dai jin su ne.

Saura magana ɗaya, wato ta masu bi. Shin kulawar tasu ce su kaɗai? Littafin yana da alkawari na musamman ga waɗanda suka ba da gaskiya, wannan ba shakka. Amma ya yi ta toshe hanyar fahariya da shi. Maimaitawar Shari'a ta gaya wa Isra'ila cewa ba don yawansu aka zaɓe su ba, su ne ma mafi ƙanƙanta. Yesu ya ce rana da ruwan sama ba sa tsallake gonar mugu, ya kuma kafa hujja da wannan ya ce a ƙaunaci maƙiyi. Ga tsirarun da aka taɓa ƙona musu wurin sujada, wannan umarni ba abin wasa ba ne, kuma ban ga laifin wanda ya ce yana masa nauyi ba.

Annabi Yunusa ma ya yi masa nauyi. An aike shi Nineba, birnin Assuriyawa, abokan gaban mutanensa, ya gudu ta teku, kifi ya dawo da shi. Ya yi wa'azi, birnin ya tuba, aka fasa hallaka shi, sai Yunusa ya yi fushi, ya ce dama abin da ya sa ya gudu ke nan, ya san Allah zai yafe. Ya fita bayan gari ya zauna. Allah ya tsirar masa da wata 'yar shuka ta yi masa inuwa, kashegari tsutsa ta cinye ta, rana ta buge shi, har ya roƙi mutuwa. Sai Allah ya tambaye shi, in shi yana jin tausayin shukar da bai dasa ba, yaya za a hana Mahalicci jin tausayin birni mai mutum fiye da 120,000 da ba su san dama da hagu ba, ga kuma dabbobi masu yawa? A kan wannan tambaya littafin ya rufe, Yunusa yana zaune a rana gabas da birnin, ba a rubuta amsarsa ba.